Kar a Taɓa Memorin Baba

Batula,

Na tafi gidan Mai Unguwa, ya aiko kirana. Ɗazu na kai 'yar rediyon marigayi Baba caji a kasuwar Gaya, sai mai shagon ya goge memorin, wai zai zuba min waƙoƙi. Karatun Baba da aka ɗauka a ciki kaf ya tafi. Ban san sanda na shaƙe shi ba. Na fasa masa baki, haƙori biyu a ƙasa. Jininsa ne a rigata.

Memorin yana ƙarƙashin filonki. Kar ki ba kowa. Wani mai gyara ya ce abin da aka goge yana nan kwance, muddin ba a ɗora wani a kansa ba.

Idan Inna ta nemi jin muryar mijinta, ki ce caji ne ya ƙare.

Yayanki,
Zunnuraini