Marin Da Na Yi Wa 'Yata Ranar Musabaƙa

Zuwa ga Shugaban kamfanin da ya haɗa wa Islamiyyar unguwarmu na'urar musabaƙa,
Ogba, Legas.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyalinka da ma'aikatanka. Ban ambaci sunan kamfaninku ba, ba don tsoro ba, sai don ban zo ɓata kasuwar kowa ba. Kun san kanku, mutanen Agege ma sun san ku. Na rubuto a fili ne saboda abin da ya faru a fili ya faru.

Ni ce shugabar kwamitin iyaye mata na makarantar. Duk wanda ya san ni ya san ba na wasa da tarbiyya. Ni nake tsayawa a bakin ƙofa ina mayar da yarinya gida idan ta zo da farce zaƙo-zaƙo. Ni nake miƙewa a kowane taro ina yi wa iyaye faɗa a kan amana da ƙarya. Na faɗi wannan ne don ka san tsawon inda na faɗo.

Ga masu karatu da ba su san na'urar ba, ga yadda take. Akwai kwamfuta a ofishin shugaban makaranta, Malam Sani. Akwai majigi mai haska bangon zauren taro. Sai kuma ƙaramar kwamfutar hannu, wadda muke ce wa tab. A kan tab ɗin ake buɗe shafinku, ana sarrafa babbar kwamfutar daga nesa. Maɓalli ɗaya yana fito da sunan yarinya, ɗaya yana buga ƙararrawa. Babban maɓalli kore da ke tsakiya shi ke haska ayoyin a bango, don iyaye su ga inda yarinya ta yi daidai da inda ta kuskure. Doka ce ba a taɓa shi sai ta gama ta sauka daga kujera.

Na ɗaya, abin da ya faru.

Malamai suka zaɓi babbar 'yata ta riƙe tab ɗin ranar musabaƙar hadda ta 'yan mata. Shekararta goma sha bakwai, ta gama sakandare, ita ke koyar da ajin ƙananan yara a makarantar. Ƙanwarta Rukayya, mai shekara goma sha ɗaya, tana cikin masu gasar. Zauren ya cika, har daga Oyingbo da Ajegunle mata sun zo.

Rukayya ta hau kujera, aka ja mata baƙi, ta fara lafiya, can a tsakiya sai ta tsaya. Ta maimaita kan ayar, ta sake tsayawa. Nan take ayoyin suka bayyana a bango, manya-manya. Yarinya ta ɗaga ido, ta gani, ta ci gaba. Rubutun ya ɓace. Alƙalai suka kalli juna. A tambaya ta biyu ta sake sarƙewa, rubutun ya sake fitowa. Wata mata a bayana ta ce, yadda kowa zai ji, ashe gidan masu wa'azi ma ana taimakon 'yan'uwa.

Ban jira alƙalai ba. Na tashi, na ratsa sahu, na fizge tab ɗin daga hannun 'yata, na mare ta a gaban malamanta da ɗalibanta da baƙi. Na karɓi makirifo na ce wannan yarinya ta ci amana, kuma ba a gidana ta koya ba. Ta dafe kunci tana cewa, «Umma, wallahi ban taɓa ba.» Na ce mata rantsuwar maƙaryaci ba ta shiga kunnena. Aka cire Rukayya daga gasar. Aka dakatar da babbar daga koyarwa. Mata suna ta yaba min, wai na yi kara, ban bi bayan nawa ba. Na koma gida ina jin na yi abin kirki. Wannan ɓangaren ya fi min nauyin rubutawa.

Na biyu, yadda kuka amsa mana.

Kwana huɗu ina matsa mata ta amsa laifinta, ta ƙi. Mahaifinsu, wanda ke sana'ar albasa a kasuwar Mile 12, mutum ne marar yawan magana. Shi ya ce min kafin in ƙarasa yarinyar nan, a duba na'urar tukuna. Don in rufe masa baki na je wurin Malam Sani muka kira ofishinku.

Matar da ta ɗauka ta ce mu kashe tab mu kunna. Muka yi. Ta ce mu goge fuskarsa da ƙyalle, ko zufa ko maiƙo ne ke danna maɓalli. Muka goge. Ta ce mu ɓare ledar da ke kan gilashin. Malam Sani ya ɓare da farcensa. Ta ce mu rufe shafin mu sake buɗewa, mu matsar da akwatin waifai kusa da taga, mu ajiye tab a kan tebur mu zuba masa ido na rabin awa mu ga ko zai danna kansa. Muka zauna kamar masu jiran gawa, ni da dattijon malami, muna kallon gilashi. Bai motsa ba.

Bayan kwana biyu kuka turo mutumin da ya haɗa mana kayan tun farko, dattijon da muke kira Baba Injiniya. Ya buɗe kwamfutar, ya nuna mana wani jerin rubutu, ya ce ga lokacin da umarnin ya shigo, sau huɗu, daidai da lokacin karatun Rukayya. Sannan ya yi murmushi ya ce, «Alhaja, na'ura ba ta da yatsa. Mutum ne ya danna.»

Na ɗauki wannan magana na kai gida kamar takardar kotu. Na maimaita wa mahaifinsu. Na maimaita wa yarinyar safe da yamma. Ranka ya daɗe, jerin rubutunku ya nuna an danna, amma bai nuna daga wace na'ura aka danna ba. Ma'aikacinku bai faɗa mana haka ba. Ni kuma ban tambaya ba, domin amsar da nake so na riga na samu.

Na uku, yadda gaskiya ta fito.

Makonni uku bayan haka kwamitinmu ya zauna da malamai a zauren nan domin a yanke ko za a sallame ta gaba ɗaya daga koyarwa. An kunna kwamfuta da majigi saboda Malam Sani zai nuna mana jadawalin zango mai zuwa. Tab yana cikin durowa a kulle, a kashe. 'Yata tana gida.

Ina da wata ɗabi'a da matan unguwar nan da yawa suke da ita. Idan aka kira ni, nakan tura wayar cikin hijabi, in manna ta a kunci, hannuwana su ci gaba da aiki. Sau da yawa ana gama magana ina mantawa da ita a wurin. Ranar nan mahaifinsu ya kira ni kafin a fara, na bar ta a nan. Da Malam Sani ya fara karanta takardar sallama, ya ambaci sunan yarinyar, sai na yi tagumi.

Ayoyi suka bayyana a bango.

Wata ta fara neman tsari, wata ta ce dama ita ta san zauren nan ba mu kaɗai ba ne a cikinsa. Malam Sani ya je ya buɗe durowa, ya ɗago tab, baƙi ƙirin, a kashe. Na gyara zama, na sake dafe kunci, rubutun ya ɓace. Malama Bilkisu, mai ajin manya, ita ke zaune tana fuskantata. Ta daɗe tana kallona, sannan ta ce a hankali, «Hajiya, don Allah sake yin tagumi.»

Na yi. Rubutun ya dawo.

Na sa hannu cikin hijabi na zaro wayar. Shafinku ne a buɗe, koren maɓallin nan a tsakiya, jiƙe da zufar kuncina. Duk suka zuba min ido. Da sun yi min dariya da ya fi min sauƙi.

A nan na tuna komai. Ranar da Baba Injiniya ya zo haɗa kayan, an kwana babu wuta, tab ba shi da caji, sai ya ari wayata ya yi gwaji. Ya ajiye alamar shafinku a fuskar wayar, kusa da ta kira, ya tafi bai cire ba. Ni na ɗauka tallar kamfani ce. A gida ba ta yin komai, sai an shiga waifai ɗin makaranta. Ranar musabaƙa ƙanwata ta kira ni daga Ajegunle tana tambayar danfo, wato motar hayar da za ta hau, dab da hawan Rukayya. Muka gama, kuncina ya buɗe shafin, shafin kuma yana hana waya yin barci. Duk lokacin da 'yata ƙarama ta tsaya, sai in yi tagumi don fargaba, sai in haska mata amsa. Da ta ci gaba, in gyara hannu, in kashe. Ni ce mutumin da ya danna. Da kuncin da ya danna ɗin a fuskata na tsaya gaban jama'a ina maganar amana.

Na huɗu, rabon laifi.

Marin nawa ne. Hannuna ne, bakina ne, ba zan ɗora muku ba, kuma ba ku za a tambaya a kansa gobe kiyama ba. Amma naku yana nan. Kun bar mabuɗin na'urarku a wayar matar da ba ta san tana ɗauke da shi ba. Shafinku yana karɓar umarni daga kowace waya ba tare da ya nuna wa mai riƙe da tab cewa akwai wani hannu a ciki ba. Kun yanke hukunci da rabin sani, kuka ba ni shi a matsayin cikakke. Da Malam Sani ya sanar da ku abin da muka gano, amsarku layi ɗaya ce: a goge alamar daga wayar, shi ke nan. Ranka ya daɗe, ba shi ke nan ba. Akwai yarinyar da yara ke bi a layi suna ce mata mai satar amsa. Goge alama ba ya goge wannan.

Don haka ga abin da nake roƙo.

Ku gyara shafinku ya riƙa nuna na'urori nawa ke haɗe da shi, kuma jerin rubutun ya riƙa faɗin wacce ta ba da umarni. Koren maɓallin nan ya riƙa tambaya kafin ya haska. Ku bi sauran makarantun da kuka yi wa aiki, ku duba wayoyin da ma'aikatanku suka ara. Ban yarda ni kaɗai ce mai tagumi a Legas ba.

Kada ku kori Baba Injiniya, kada ku rage masa komai. Na ga abin da saurin hukunci ke yi, ba na son a sake yi da sunana.

Babban roƙona shi ne ku turo shi taron iyaye na ranar Asabar mai zuwa, bayan la'asar. Mun gayyaci duk wanda ya halarci musabaƙar, har baƙin nesa. Bakin da ya ce mutum ne ya danna, shi nake so ya tsaya ya faɗi wane mutum. Idan ni kaɗai na faɗa, za a ce uwa ce ke rufa wa 'yarta asiri. Ban goge alamar ba, kuma ba zan goge ba sai bayan ranar. Zan kulle tab a durowa, in ba matar nan da ta yi magana a bayana mabuɗin ta riƙe, in tura waya cikin hijabi, in yi tagumi a gabansu duka.

Kwamiti ya janye takardar sallama, amma yarinyar ta ce ba za ta koma aji ba. Tana gaishe ni a durƙushe kamar kullum, tana yin duk aikin da na sa ta, amma idan na shigo ɗaki sai ta sami abin yi a tsakar gida. Ban taɓa ba ɗa haƙuri ba a rayuwata, uwata ma ba ta taɓa ba ni ba. Abin da na iya shi na yi: na dafa mata dambun da take so, na zuba mata cinyar kaza biyu. Ta ci, ta ce an gode, ta wanke kwanon. Na gane abin da aka yi da makirifo ba a gyara shi da kwano.

'Yar fari ce. Shekara goma sha bakwai ban taɓa kiran sunanta da bakina ba, kamar yadda aka rene mu. Ko a wasiƙar nan ka ga yadda nake ta zagaye shi. Amma kunyar da ta hana ni faɗin sunanta ba ta hana ni ɓata shi ba, don haka yau na ajiye ta.

Sunanta Hafsatu. Ba ta ci amana ba, ba ta yi ƙarya ba, rantsuwarta gaskiya ce.

Hafsatu, na san za a karanta miki. Ni ce na danna. Ki yafe min.

Ranka ya daɗe, Allah ya albarkaci sana'arku, ya shirya muku zuriya, ya tsare ku daga zaluntar wanda ba zai iya ɗaga muku murya ba. Ina jiran mutuminku ranar Asabar.

Wassalam.

Maman Hafsatu,
Agege.