A Bar Kaya Yadda Suke

Litinin, 5 ga Mayu

Yau aka fara zama. Kotun kasuwanci, bene na biyu, ɗaki mai sanyin na'ura har yatsuna suka ƙage. Na zaci zan tarar da hayaniya da 'yan sanda, sai ga mutane da jakunkuna suna magana ƙasa-ƙasa kamar a banki.

Barista, lauyata, ta ce in riƙa rubuta abin da ya faru don kada in rikice. To ga shi. Bara kamfanin da ke matse ruwan 'ya'yan itace ya ba mu kwangilar dashen mangwaro mai aure, irin mai tsoka marar zare, don sabuwar gonarsu. Ni na sa hannu, matata ta yi aikin. Dama haka muke, ni baki da mota, ita kuma Bahaguwa, kamar yadda nake kiranta, hannu. Ta gama auren dashen ƙarshe, bayan 'yan makonni ta kwanta, ba ta tashi ba. Da wakilin kamfani ya zo ɗauka, wani dogo mai takalmin roba, ya zaga lambun ya ce shi ganyen mangwaron gida yake gani, ba irin da aka yi yarjejeniya a kai ba. Suka ƙi ɗauka, suka kai ni ƙara.

Mai Shari'a mace ce, tabarau a ƙarshen hanci. Ta karanta kwangilar tun kafin mu shigo. Ta ce a nan ba a jan shari'a, ta yanka ranakun duka a zama ɗaya: ranar kawo bayani a rubuce, ranar da masanin da ɓangarorin biyu suka yarda da shi zai duba dashen, ranar hukunci. Masanin sai ƙarshen Yuni. Lauyan kamfani ya roƙi kada in taɓa kayan kafin nan, ta amince. A bar kaya yadda suke. Ba sayarwa, ba ɗagawa, ba yanka, ban ruwa kawai. Sannan ta dube mu ta saman tabarau, ta tambaya ko akwai wani abu game da kayan da ba zai iya jira ba. Barista ta juyo ta dube ni. Na girgiza kai.

A mota na lura sauƙi nake ji. Tun rasuwarta ban ruwa kawai nake yi, yanzu kuma an ba ni takarda mai hatimi.

Alhamis, 8 ga Mayu

Na ba su ruwa.

Talata, 13 ga Mayu

Yaya ta zo da kwanon abinci, ta tarar da na jiya ban buɗe ba. Ta ce ko kotu ta hana ni taɓa wannan ma? Na ce ban duba takardar da kyau ba. Ba ta yi dariya ba, ni ma haka.

Ta tsaya a bakin rumfa tana kallon wuƙar aure da ke rataye a ƙusa cikin tsummanta. Ta ce za ta yi tsatsa. Na ce wuƙar bahago ce, kaifinta a wancan gefen yake, ba ta da amfani a hannuna. Ta ce tun ina yaro na iya neman dalili.

Asabar, 17 ga Mayu

An yi ruwan sama na farko mai ƙarfi. Ban ja tiyo ba yau, sai na rasa abin yi. Na zauna a kan bokiti.

Ina ganin abin da dogon nan ya gani, ai ba makaho ba ne ni. Aure dai shi ne a yanko reshen iri mai kyau a ɗaura shi a gindin na gida da zirin leda. In ya kama, sai a kwance ledar, kuma duk tohon da gindin ya fitar ta ƙasa da ɗaurin a fizge shi, in ba haka ba ya shanye abincin ya bar reshen kirki da yunwa. Matata ce take bin layi kowace safiya tana fizgewa, tana yi musu faɗa kamar 'ya'yanta. Tun da ta tafi ba wanda ya fizge. Wannan tohon ne ganyen gidan da ake shari'a a kai.

Na san haka ranar da Mai Shari'a ta yi tambaya. Bakina ne ya yi nauyi. Ko ban damu ba ne, oho.

Laraba, 28 ga Mayu

Kafin a ci gaba, dokar kotun ce sai an gwada sulhu. Aka kai mu wani ƙaramin ɗaki mai tebur zagayayye da ruwan gora. Mai sulhun dattijo ne, ya ce ya yi shekaru yana harkar sufuri, kuma a ganinsa ɗan kasuwa biyu sun fi alƙali sanin inda maslaharsu take.

Kamfani ya ce zai janye ƙara, kowa ya kama gabansa, in dai zan sa hannu cewa an yi kuskuren iri wajen aure. Na miƙa hannu ina neman biro. Ba don komai ba, na gaji da hawa bene.

Barista ta dafe takardar, ta nemi a ba mu minti kaɗan. A baranda ta ce, “Baba, ka gane abin da za ka sa wa hannu? Cewa za ka yi Mama ba ta san reshen da ta yanko ba.”

Yarinyar nan ba ta taɓa ganin matata ba, amma Mama take ce mata. Na ce a ba ni lokaci. Mai sulhu ya rubuta ba a daidaita ba.

Lahadi, 1 ga Yuni

Ruwa kusan kullum. Tohon gida ya wuce na aure tsawo a layukan gabas. Kotun nan ana yabon ta da sauri, kuma gaskiya ne, maƙwabcina shekara nawa yana zaryar shari'ar fili a wata kotun. Amma mangwaro bai san da jadawali ba.

Talata, 3 ga Yuni

Na tsugunna gyara tiyo, gwiwar hannuna ta goga wani dashe, reshen auren ya ɓalle ya faɗo. A bushe, ƙamas. Ledar ɗaurin ta nutse cikin ɓawon ta shaƙe shi, don itacen ya yi kauri ba a kwance ba. Gindin kuwa kore shar, yana ta murna.

Na bi layin. Akwai wasu haka. Ba su da yawa tukuna.

In masanin ya zo ƙarshen wata, mangwaron gida zai tarar, mai zare, layi-layi. Zai rubuta abin da ya gani, kuma ba ƙarya zai yi ba. Maganar kamfani za ta zama gaskiya ba tare da kowa ya taɓa komai ba.

Na daɗe riƙe da busasshen reshen. Ban ji komai ba sai ciwon gwiwa.

Laraba, 4 ga Yuni

Na kai wa Barista reshen a ofis, na yi mata bayani. Ta ajiye biro, ta tambaye ni tun yaushe na sani. Na faɗa mata. Ta buɗe baki za ta yi faɗa, ta tuna na isa in haife ta, ta rufe. Ta ce kawai, “Allah ya ba mu haƙuri da ku, Baba.” Nan take ta zauna rubuta roƙon gaggawa.

Juma'a, 6 ga Yuni

Ashe suna da zaman gaggawa na safe don kayan da ke lalacewa. An saurari na masu kifi a gabanmu, sannan mu.

Lauyan kamfani ya ce in aka bar ni da wuƙa zan yanke hujjarsu ne. Ba ƙarya ya yi ba, ganyen da suke ƙara a kai shi nake so in cire. Mai Shari'a ta ce in tashi in yi magana da kaina. Na tashi. Muryata ta fito kamar ta wani. Ta juya reshen a hannunta, ta ce ai ta tambaya tun ranar farko, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Na ce haka ne, ranki ya daɗe.

Ta gyara umarnin. A ɗauki hoton kowane layi kafin a taɓa. A yi yankan a gaban wakilin kamfani. Layi ɗaya a bar shi yadda yake don masani ya kwatanta.

Litinin, 9 ga Yuni

Dogo ya zo da sassafe da wayarsa ta ɗaukar hoto. Wuƙata ta dakushe tun bara, ban kula ba. Na sauko da tata daga ƙusa. Ba ta yi tsatsa ba, ta shafe ta da mai kafin ta rataye.

Fizge toho ba wuya. Ɗaurin ne. Kowane dashe da ƙullinta, yana kallon hagu, da ɗan jela da take bari don a ji daɗin kwancewa. Yanzu sun nutse, ba sa kwantuwa, sai dai a tsaga. Duk wata huɗun nan da rasuwarta ashe ƙullin hannunta ne ke tsaye a lambun, dubbai, ni kuma ina zagaya su da tiyo. Yau na bi su ɗaya bayan ɗaya ina yankewa.

Wajen hantsi Dogo ya sa wayar a aljihu, ya tsugunna yana riƙe mini gindin. Can ya ce duk wanda ya yi wannan ɗaurin ya san hannunsa. Na ce matata ce. Ya ce Allah ya jiƙanta. Ya ce da ya sani ranar nan da ya tsugunna ya duba ƙasa, amma sauri yake yi, ga manaja yana ta kira.

Da na zo kan dashe na gaba hannuna ya ƙi. Na ce masa ƙasa ce ta shiga idona. Ya tafi wai zai duba motarsa, ya daɗe.

Alhamis, 12 ga Yuni

An gama. Bayana kamar ba nawa ba. Na cinye abincin Yaya har na suɗe kwanon, ta ce ashe kotu ta ɗage wannan umarnin ma.

Alhamis, 26 ga Yuni

Masani ya zo ya tafi. Ya murza ganye ya shinshina, ya ɗebi wasu a ambulan. Layin da aka bari don kwatance rabinsa ya mutu. Na sani zai mutu, amma na ƙi kallon wajen.

Talata, 8 ga Yuli

Rahoto ya ce irin da aka yi yarjejeniya a kai ne. Ba a kai ga hukunci ba, a ɗakin tebur zagayayye aka ƙare: za su ɗauki masu rai, waɗanda suka mutu asarata ce. Daidai ne. Mai Shari'a ta sa hannu, ta kira shari'a ta gaba kafin mu kai ƙofa.

Asabar, 12 ga Yuli

Motoci sun kwashe su jiya. Lambun ya zama fili, sai zagayen da ledojin dashen suka bari a ƙasa.

Saura layin kwatance, gindayen gida da aurensu ya mutu. Ba wanda yake so. Da safe na fito da niyyar zubar da su, ban san yadda aka yi ba na tsinci kaina a ƙarƙashin uwar bishiyar da muke yanko reshen aure, ina zaɓen reshe. Wuƙar har yanzu tana gardama da hannuna, na yanke yatsa sau biyu. Guda biyar kawai na yi, don kada gindayen su tafi a banza, ba wani abu ba.

Ƙullina dama yake kallo. Muni gare shi, da ta gani sai ta yi dariya ta kwance.

Na bar masa jela.