Ranar da Na Yi wa Baba Ladanci a Asibiti

Zuwa ga ƙanwata Auta,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata wannan takarda za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki da yara. Allah Ya ƙara muku lafiya, Ya raya mana zuri'a. Mu ma nan alhamdu lillahi. Inna tana nan ƙalau, sai ciwon gwiwar nan da ba ya rabuwa da ita, matata kuma ta koma ɗinkinta. Kafin ki jiƙa mini takarda da hawaye tun daga layin farko, bari in gaya miki: Baba ya samu sauƙi. Yana zama da kansa, yana cin abinci, har ya koma hararar mutane. Ranar da na kira ki a waya babu abin kirkin da na iya faɗa, ke kina kuka, ni ina ta ce miki ki yi shiru alhali ni ma kukan nake yi. Shi ya sa na zauna in ba ki labarin tiryan-tiryan.

Bayan azahar ne abin ya faru. Ya dawo daga masallaci, yana cire takalmi a bakin ƙofa, sai ya sulale ƙasa. Inna ta tarar bakinsa ya karkace, hannun dama da ƙafar dama sun saki. Ina gareji aka kira ni, na taho da motar wani da nake gyarawa, hannuna duk baƙin mai, muka ɗauke shi ni da Inna da Gwaggo. A ɗakin gaggawa suka ɗora shi kan gado mai taya, suka ja labule, suka maƙala masa wayoyi a ƙirji. Likita ya ce shanyewar ɓarin jiki ce. Ya ce sai an ɗauki hoton kansa a na'ura a ga ko jini ne ya toshe hanya, in toshewa ce akwai allurar da ke narkar da shi, amma tana da lokacinta, in ya wuce shi ke nan. Abin da ake so kawai shi ne Baba ya kwanta shiru kada ya motsa.

To a nan muka tafka kuskure, kuma da zuciya ɗaya muka yi shi. Gwaggo ta ga ƙanenta a kwance, ta ɗauka tafiya ce ta zo, ta sunkuya ta fara laƙƙana masa kalmar shahada da ƙarfi. Ni ma na bi sahu. Baba ya buɗe baki zai amsa, babu abin da ya fito sai wani gurnani. Ya sake, haka. Kin san Gwaggo, abin da ke zuciyarta shi ke bakinta. Ta ɗora hannu a ka tana cewa mutumin da ya tsufa yana kiran salla, yau kalma ta ƙi bakinsa, me ya yi wa Allah haka. A kunnensa ta faɗa, Auta. Ashe yana jin komai, yana fahimtar komai, maganar ce kawai ba ta fita. Ban taɓa ganin tsoro a idon Baba ba sai ranar. Ya shiga fizge-fizge, ya tumɓuke allurar ƙarin ruwa, jini ya ɓata zanen gado, na'urar da ke kansa tana ta ƙara. Mutum biyu suka riƙe shi suka kasa. Likita yana ta duba agogo.

Ana cikin haka babbar nas ɗin ɗakin ta shigo, wata gajeriyar mata mai furfura, da ɗan gicciye a wuyanta wanda Gwaggo ta riga ta bi shi da kallo tun shigarmu. Kowa Sista yake ce mata. Ba ta yi wa kowa tsawa ba. Ta dafa kafaɗar Gwaggo ta ce mata a yanzu babu abin da majinyacin yake bukata kamar addu'a, ta taimaka ta je benci ta riƙe Inna su yi ta yi, kada su tsaya. Gwaggo da ba a iya tayar da ita daga wuri, sai ga ta ta fita da carbinta kamar an ba ta muƙami. Sista ta tsaya tana kallon Baba, sannan ta tambaye ni me ya sa hannunsa na hagu yake ta kai wa na dama cafka. Ta ce a ganinta ba allurar yake nema ba. Na duba da kyau, sai na gane. Ɗan yatsansa manuni yake son ɗagawa, yadda yake yi a zaman tahiya, hannun kuma ya ƙi. Da na gaya mata, sai ta kama yatsan da hannunta ta ɗaga masa shi, ta riƙe.

Ta matso da fuskarta kusa da tasa, ta yi masa magana a hankali. Ta ce ta san yana jin ta. Ta ce ciwon ya taɓa wurin da magana ke fitowa ne a ƙwaƙwalwa, kuma ta ga irinsa a jikin masu salla da masu zuwa coci da waɗanda ba sa zuwa ko'ina. Ta ce abin da ke tsakaninsa da Ubangijinsa ba huruminta ba ne, ba za ta sa baki ba, amma abin da ya shafi jiki aikinta ne, kuma tana tabbatar masa ciwo ne ya riƙe harshen. Baba ya daina fizga, amma hawaye na bin kuncinsa, leɓɓansa suna ta motsi yana nema. Sai ta tambaye ni sana'arsa. Na ce ladan ne. Ta tambaya ko kalmar da yake nema tana cikin kiran, na ce tana ciki. Ta ce ba ta yi mini alkawari ba, amma wani lokaci abin da mutum ya daɗe yana rerawa yakan fito ko da magana ta ƙi, don haka in fara masa, da irin muryar da yake yi.

Ni fa, Auta. Ni da Baba ya ƙwace wa makirufo ina saurayi, ya ce muryata tana korar masallata. Na dubi Sista, ta dube ni, babu wurin gudu. Na sa hannun nan mai baƙin mai a kunne, na ja kabbara a hankali. Shiru. Na ja ta biyu, sai na ji wani ɗan sauti a maƙogwaronsa yana bina. Da muka iso wurin shahada, wallahi sai ga muryar Baba. A daƙile, bakin a karkace, amma kalmar ta fito cif, tun daga farko har ƙarshe, da jan nan nasa da muka tashi muna ji. Wani mai karaya a bayan labule, wanda tun zuwanmu yake nishi, shi ya amsa masa. Na kasa ƙarasawa. Baba ya yi ajiyar zuciya, ya saki jikinsa gaba ɗaya, ya lumshe ido. Haka suka gangara da gadon zuwa ɗakin hoto, Sista na tafiya a gefe riƙe da yatsan nan, ba ta sake shi ba sai a bakin na'ura. Hoto ya nuna toshewa ce, aka yi masa allurar kafin lokacinta ya wuce.

Da komai ya lafa na je yi wa Sista godiya. Ta ce in wanke hannuna tukuna, ta nuna mini famfo. Tana rubutu ta ce mini ita ba kowa take ɗauka mutuwa yake tsoro ba, takan tsaya ta ga abin da yake tsoron. Gwaggo kuwa yanzu ba ta da zance sai na Sista. Ta ce ta sa ta a addu'arta bayan kowace salla, kuma duk wanda ya ga laifin hakan ya zo ya same ta. Ta nemi gafarar Baba kan maganar da ta yi, ya ɗaga mata hannu alamar ya wuce.

Yanzu an mayar da shi ɗakin kwanciya, ana koya masa motsa hannu da ƙafa. Ba zan ɓoye miki ba, magana da saura. Sunanki bai fito ba tukuna, amma da na nuna masa hotonki da yara a waya ya ɗora wayar a ƙirjinsa ya ƙi ba ni. Duk lokacin salla nakan tsaya a bakin gadon in ja masa kabbarar farko, shi kuma ya karɓa ya ƙarasa. Jiya da la'asar na gyara tsayuwa, na sa hannu a kunne, na buɗe baki ke nan sai ya ɗaga hannun hagu, ya harare ni, ya ce in bari. Kalma ɗaya tak, ita ce maganarsa ta farko tun ranar da ya faɗi. Ya fara abinsa da kansa. Sau biyu ke nan yana hana ni ladanci a rayuwata, na farkon na yi fushi, na jiya kuwa na fita baranda na yi kukan daɗi.

Ki kwantar da hankalinki, ki riƙa turo masa muryarki da ta yara, yana son ji. Inna tana gaishe ki, haka Gwaggo da matata. Ki gaishe mini da maigidanki da surukarki, ki shafa mini kan mai sunan Baba, ki gaya masa kakansa ya karɓe aikinsa na ladanci.

Naki har kullum,
Yayanki, ladan da aka sallama.