Ka Biyo Ta Kwalta, Mbonigaba

Zuwa ga Mbonigaba, hasken idona kuma ciwon kaina, sanyin safiyar tafkin Burera, ruwan sama na farko a kan gonar zuciyata, mai dogayen ƙafafu da gajeren tunani!

Ina gaishe ka, gaisuwar da ba ka cancanta ba. Ya garin Musanze? Ya Turawan da kake zagayawa da su? Ya kekenka, ɗan lelenka, wanda kullum sai ka wanke shi ka shafa wa sarƙarsa mai kafin ka wanke fuskarka? Na san shi lafiyarsa ƙalau. Ni ba ka tambaya ba, amma zan gaya maka: yau sati uku ke nan duk lokacin da na je ɗiban ruwa sai an bi ni da dariya, kuma kai ka ja mini.

Ka tuna ranar da muka haɗu, ya kai abin ƙaunata? Ina kan tsohon keken babana, tulun madara ɗaure a baya, na tarar da kai a mararrabar Kirambo cikin matsattsen wandon nan naka, kana waige-waige kamar ɗan maraƙin da ya ɓace wa uwarsa. Ka ce, "'Yar uwa, don Allah akwai hanyar da babu manyan motoci? Hayaƙi ya ishe ni." Na ce ka biyo ni in za ka iya. Muka hau tudu, ni da madarata a gaba, kai da kekenka marar nauyi kana haki a baya. Da muka kai ƙololuwa hazo ya yaye, ga tafki shimfiɗe can ƙasa da tsibirransa, ga dutsen Muhabura ya leƙo ta bayan gajimare. Wayyo wannan safiya! Muka gangara gefen fadamar Rugezi, iska na kaɗa ciyayin ruwa, gauraki na tashi bibbiyu, ba ka jin komai sai ƙarar taya a kan jar ƙasa. A bakin 'yar gadar nan ta itace uku muka sauka muka tura. Ka dafa ƙirji ka ce, "Uzamukunda, nan fa mutum har bugun zuciyarsa yake ji. Ko motsin mota babu!" Na ce maka, "To ai mota ba ta iya bi ne, bawan Allah." Da bakina na faɗa, da kunnenka ka ji, har ka yi dariya.

To ina ka kai wannan maganar, ya mai idon barewa da ƙwaƙwalwar kifi? Shekara biyu muna bin hanyar nan. Ka mayar da ita sana'a, kana kai baƙi kana ce musu kai ka gano ta, ban taɓa ƙaryata ka ba. Na ce abina naka ne. Abu ɗaya rak na roƙe ka: ka turo manyanka su yi gufata irembo, su kama ƙofar gidanmu kamar yadda ake yi wa kowace 'yar mutunci, kowa ya san an yi mini maganar aure.

Aka sa rana. Babana ya fito da kwat ɗinsa ta cikin akwati, wadda rabonsa da ita tun bikin yayata. Innata ta tashi da asuba ta ɗora wake da dankali, aka yanka akuyar da muke ji da ita. Gwaggo Nyirabagenzi ta taso tun daga Butaro da ciwon gwiwarta. Aka jera kujeru a tsakar gida, dattawan unguwa suka zauna, ga giyar ayaba a tulu ba wanda ya taɓa, ana jiran baƙi. Ni kuma ina ɗaki, ina leƙe ta taga duk lokacin da kare ya yi haushi.

Kai kuwa me ka yi? Ka ɗauki takarda da biro ka zana wa baffanka hanya! An gaya mini kalmominka ɗaya bayan ɗaya: "Baffa, ku rabu da kwalta, hayaƙi ne kawai da manyan motoci. Ku bi ta nan ku ga ikon Allah." Tsofaffi huɗu, cikin motar haya, da kiret-kiret na lemo da giya, a tsakiyar ruwan Afrilu, ka tura su hanyar keke! Mbonigaba, wane irin mutum ne kai? Ka taɓa ganin mota ta sauka ta tura kanta a kan itace uku? Direba ya ga gada ya ce shi kam bai shirya mutuwa ba, ya yi baya zai juya, taɓo ya haɗiye tayoyin har gindi.

Mu muna can muna jira. Rana ta take, wake ya huce, aka sake ɗumama shi. Babana yana ta gyara wuyan kwat yana ce wa mutane, "Suna hanya, ruwa ne ya tsare su." Sai da la'asar ta yi sanyi masu dakon dankali suka kawo labari, suna ba da shi suna riƙe ciki. Wai sun ga baffan naka, Baffa Sebahire, zaune a kan kiret a bakin fadama, wando naɗe har gwiwa, kwalba a hannu, yana cewa, "Tunda ƙofar ta ƙi zuwa, mu sha abinmu kada ya lalace." Abin shan da za a kama ƙofata da shi, a bakin taɓo ya ƙare.

Babana bai ɗaga murya ba, kuma da ya yi faɗa da ya fi mini sauƙi. Ya miƙe a gaban dattawa, ya cire kwat, ya ninke ta a hankali, ya ce wa innata, "Ki ba mutane abinci su ci, sun gaji." Ya shige ɗaki. Tsohon da ko a jana'iza ban taɓa ganin ya sunkuyar da kai ba, ranar na ga ya kasa kallon maƙwabtansa. Washegari a bakin famfo matar mai shago ta tare ni, "Amarya, barka! An ce surukanki sun kama ƙofar kwaɗi, yaushe za a kai ki ɗakin?" Yanzu har yara sun ɗauka. In na wuce sai su yi ta kukan kwaɗo a bayana.

Kai kuma kana ina duk wannan? Kana can bayan tafkin Ruhondo da Turawa biyar kana nuna musu tsuntsaye. Na yafe wannan, al'ada ba ta ce ango ya zo ba. Amma bayan nan fa? Kai da kake haye duwatsu uku kafin karin kumallo, ƙafarka ta kasa kawo ka ƙofar gidanmu ka durƙusa? Sai da aka kwana huɗu wayata ta yi ƙara. Na buɗe, sai ga hoton gauraki biyu, ka rubuta a ƙasa wai "ni da ke". Ni da wa? Gauraka ai ba ya barin matarsa ta tsaya ita kaɗai a cikin taɓo! Tsoro ne ya hana ka zuwa, na sani, kuma tsoron nan naka ya fi ɓatan hanyar ƙona mini rai.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne har yanzu ina son ka. Kaico! Ina son ka kamar yadda fadama take riƙe ruwa, ba ta iya zubarwa ko ta so. In na ji ƙararrawar keke a kan tudu sai gabana ya faɗi, in leƙa, in ga mai dakon gawayi ne, in koma ina zagin kaina. Na so in tsane ka, na gwada da gaske, kwana biyu kacal na iya. Me ka ba ni na ci, ya azabar raina?

To saurara da kyau, don ba zan sake rubutawa ba. Gwaggo ta yi kwana uku tana lallashin babana kafin ya buɗe baki. Ya ce Asabar ta sama zai zauna a tsakar gida har rana ta raba, ba kwat, ba akuya. In manyanka sun zo, zai saurare su. In ba su zo ba, ya ce ko da shanu ɗari kuka dawo ƙofarsa a rufe take, kuma ka san ni ba zan tsallake maganarsa in bi ka ba. Saboda haka ka zo gobe kai kaɗai ka ba shi haƙuri, ka tsaya ya faɗa maka duk abin da ke ransa. Ranar Asabar kuma ka zuba baffanninka a motar kasuwa, ka zauna kusa da direba, ku biyo ta kwalta. Ku bi bayan manyan motoci, ku shaƙi hayaƙin har ya fito muku ta kunne. Kada ka nuna wa kowa tafki, kada ka nuna wa kowa tsuntsu. In ka ga biro a hanya, ka tsallake shi.

In kuwa ka bari rana ta raba, to ga alkawarina, kuma Allah ne shaida. Ba zan auri kowa ba, ba zan so kowa ba bayanka, ko da ka so in yi hakan don ka huta. Zan kafa rumfar sayar da madara a bakin gadar nan, inda dole ka sauka ka tura. Duk Talata da Juma'a in ka zo da baƙinka zan miƙe in gaishe ka da sunanka, in tambaye ka lafiyar Baffa Sebahire, sannan in juya in ba Turawan labarin tun daga farko, kai kuma ka fassara musu. Haka za mu yi har furfura ta fito mana.

Taka, ko ka zo ko ba ka zo ba, har ranar da za a binne ni,

Uzamukunda