Ɗakin Hawa Na Huɗu

Auta,

Gaisuwa mai yawa, da fatan jami'a ba ta cinye ki ba tukuna. Umma na gaishe ki. Ta ce ki sha ruwa, ki sa rigar sanyi, ki ƙara shan ruwa. Tun tafiyarki take shiga ɗakinki tana gyara gadon da babu mai kwana a kai.

Jiya ofishin kwanan ɗalibai ya turo min kwafin fom ɗinki, tunda ni na sa hannu a gurbin uwa. A layin da aka tambayi ko kina da wani ciwo, na ga kin rubuta "babu". Barka da arziki. Shekara goma sha takwas likitoci na fama da sikilarki, ashe maganin biro ne.

Ina jiran bayani.

Ki huta lafiya,
Yayarki

*

Yaya,

Ina gaishe ki da kyau, da Umma, da kowa na gida.

Kada ki yi fushi. Duk wadda ta rubuta ciwo, ɗakin ƙasa ake ba ta, kusa da ofishin mai kula da mu, ƙofa na kallon ƙofa. Ni kuma sai na ɗaga kai na hango tagogin sama.

Yaya, da kin ga ɗakin nan. Hawa na huɗu ne. Da hantsi rana kan shigo ta kwanta a kan littattafaina kamar mage. Daga taga kawunan bishiyoyi nake gani, ban taɓa sanin haka suke ta sama ba. 'Yan mata na shanya a igiyoyin bayan gini, iska ta cika zannuwan, sai in ga kamar ginin ne zai tashi da mu gaba ɗaya. Wani lokaci sai shayina ya huce ban sani ba.

Mu huɗu ne. Mai gadon samana Doguwa muke ce mata. Ranar Litinin ta daka min tsawa, wai ni raguwa ce, in tashi in yi shara. Wallahi saura kaɗan in yi kukan daɗi. Ba a taɓa miƙo min tsintsiya ba. A nan babu mai leƙa ƙwayar idona ya ga ko ta yi ɗorawa.

Matakala saba'in da biyu ce. Ina hutawa sau biyu, in yi kamar waya nake dubawa. Ina shan maganina kullum, a banɗaki.

Don Allah kada Umma ta ji. Kin san washegari za ta zo da mota ta kwashe ni da akwatina.

Taki har kullum,
Auta

*

Auta,

Na amsa gaisuwarki. Na karanta wasiƙarki sau biyu, na ji daɗin labarin zannuwa. Sai dai zani bai san abin da zai faɗa wa likita ba idan kin faɗi.

Ni ma na yi jami'a. Na san daɗin zuwa inda ba wanda ya san ki. Na kuma ga yadda ake tsayawa a kan yarinya ana yi mata fifita da littafi, kowa na tambayar kowa me ya same ta.

Ba zan faɗa wa Umma ba, bisa sharaɗi ɗaya. Ki zaɓi mutum guda a ɗakin nan ki gaya mata komai: sunan ciwon, inda katin asibitinki yake, da lambata. Na ba ki zuwa Juma'a. In ta daina sa ki shara, ki turo min ita.

Allah Ya tsare,
Yayarki

*

Anti,

Ina wuni, da fatan kina lafiya. Ni ce Doguwa. Auta ce ta ce in rubuto, hannunta da ƙarin ruwa.

Kada hankalinki ya tashi, ta samu sauƙi. Ruwan sama ne ya dake mu jiya da rana muna dawowa daga aji. Tana kaiwa hawa na biyu ta zauna, ta ce ƙafafunta. Da ma ranar Laraba muna wanki ta faɗa min komai, tana kallon bokiti kamar mai amsa laifin sata. Don haka ban tsaya tambaya ba. Na goya ta, wata 'yar ɗakinmu ta ɗauko katin asibitinta a ƙarƙashin katifa, muka yi asibiti. Likita ta ce da mun tsaya shafa mata man zafi, da labarin ya canza.

Yanzu har ta fara iyayi, wai in riƙa kwafo mata darasi da kyau saboda rubutuna kamar tafiyar kaza. Tun kafin ciwon ya tashi ta gyara fom ɗin da kanta. Amma tana tsoron Umma.

Na gode,
Doguwa

*

Umma,

Barka da war haka. Ina wajen Auta. Na rubuto ne don a waya ba za ki bar ni in kai ƙarshe ba.

Ciwon ya tashi. Ta kwana biyu a asibiti, an sallame ta, yanzu haka tana gabana tana ci da hannu biyu. Ba ke kika kai ta ba, ba ni ba, kuma an kai ta a kan lokaci.

Tana da jarrabawa ranar Talata. Ki ajiye makullin motar. In kin matsu, ki aiko da bargo.

'Yarki