Ba Tafasa Ba, Ba Rai-ɗore Ba

Zuwa ga Yaya Hajara,

Gaisuwa mai yawa. Ina gajiya, yaya ciwon gwiwa, yaya jikoki da zaman Kano? Mu nan Gangara lafiya lau, ruwa ya samu, sai dai gero bai nuna ba, ganye muke ci.

Wani abu ya ɗaure mini kai. Bayan tsohon rumbun Baba, tsakanin tafasa da rai-ɗore, wata ciyawa ta fito da kanta. Ganyenta na tafasa ne sak, amma furen da ƴaƴan na rai-ɗore ne. Na murza na sansana, warin ma ya ƙi faɗa mini gaskiya.

Surukata Indo ta zo da ƙwarya ta ce, “Baba, in tsinka in yi kwaɗo, ko magani ce?” Ni da duk garin nan ke tambayata sunan kowane tsiro, sai ga ni ina ce mata ban sani ba. Maƙwabcina Ila ya tuntsire da dariya ya ce, “Tsoho, tumɓuke shegiya, ba ta da uba!” Na ce uba har biyu gare ta, kai fa? Na kewaye ta da ƙaya, na hana kowa taɓawa.

Yaya, ke kika fi zama kusa da Inna. Ta taɓa faɗa miki sunanta? Ana ci? Ki aiko da amsa da wuri, yara na kallon ganyen, ni kuma ba zan ce su ci abin da ban san sunansa ba.

Ki sa mu a addu'a, ki gaida Malam da yara duka.

Ƙanenki,
Mamman