Ƙunshin da Adama Ta Tafi da Shi

Zuwa ga aminiyata Rakiya,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina cikin ƙoshin lafiya, ke da aikinki a can ƙasar Larabawa. Mutanen Azare suna gaishe ki. Madam Ngozi mai kanti a ƙofar asibiti har yau in ta gan ni sai ta tambayi ƙawata mai dariya. Na zaɓi in rubuta miki a nan inda kowa zai karanta, domin in na kira ki a waya kuka zai riga ni magana, kuma akwai abokan aikinmu da nake so su ji.

Kin tafi kin bar ni da ɗakin mata, ke da kika sha rantsuwa tun muna sababbin nas a Katagum cewa ko da igiya ba a fitar da ke daga ƙasar nan. Ban ga laifinki ba, kowa da inda Allah ya ajiye abincinsa. Amma ki sani ba a cike gurbinki ba. Aikin safen da muke yi tare yanzu ni kaɗai nake yi, kuma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Kin tuna na'urorin nan da aka kawo gab da tafiyarki, masu ɗan maƙale da ake sa wa majinyaci a yatsa, su nuna yawan iskar da ke cikin jininsa, in ta yi ƙasa su yi ƙara. Ranar da aka buɗe kwalayensu har hoto muka ɗauka. Muka ce wahala ta ƙare, mun samu idon da ba ya gyangyaɗi.

Ba a yi nisa ba muka gane wanda ya ƙera su bai san matan ƙasarmu ba. Da haske suke leƙa jini ta cikin yatsa, mu kuwa yatsunmu a rine suke. Mace ta sha baƙin lalle, na biki ko na suna, a maƙala mata, lamba ta yi ta hawa da sauka, na'ura ta yi ta ihu, ita kuwa tana zaune tana shan fura lafiya lau. Ke ce ma kika ce kishin ƙunshi ke damun abar. Muka yi dariya har da riƙe ciki.

Daga nan maganar ta zama ta kowa. Na'ura ta yi ƙara, wani ya leƙa yatsa, ya ce lalle ne, a rage mata murya don marasa lafiya su samu barci. Sau da yawa kuma lallen ne da gaske. Shi ya sa muka saba, sabo kuwa turken wawa.

Bayan tafiyarki aka ƙara mana kwamfuta. Yanzu ɗakin magani ba ya sakin ko ƙwaya sai an shigar da ita a ciki. An ajiye mana teburin a can ƙuryar ɗaki yana fuskantar bango, saboda a nan ne kawai ake samun sabis. In kina shigar da magani, gadaje duka suna bayanki. Na yi magana har Metiron, shugabarmu ta nas-nas, ta fara kauce mini a hanya.

To, yanzu ki ji labarin Adama.

Mai jego ce daga Dagauda, haihuwar fari, 'yar siririya mai yawan sunkuyar da kai. An yi mata duk abin da ake yi wa 'yar gata: wankan jego da tafasasshen ruwa safe da yamma, kunun kanwa kwano bayan kwano. Ƙafafunta suka kumbura, tari ya kama ta, ta kasa kwanciya sai dai ta kwana a zaune. A gida aka ce sanyi ne ya shige ta, aka ƙara wa ruwan wanka wuta. Ana gobe suna aka yi mata ƙunshi, hannu da ƙafa, baƙi wuluk mai kyan gaske. Bai jima da kamawa ba numfashinta ya sarƙe, mijinta ya ɗauko ta zuwa Azare, ita da goggonta. Jaririyar aka bari a gida.

Likita ya duba ta ya ce zuciya ce ta gaji, ruwa ya taru a huhu. Aka yi mata allura, aka sa mata oksijin, zuwa yamma ta samu kanta. Da yake tukunyar oksijin ɗin ita kaɗai ce mai iska a ɗakin, kuma ga wata tsohuwa rai a hannun Allah, sai aka mayar wa tsohuwar. Likita ya bar umarni a fili: a bar wa Adama na'ura a yatsa, in lamba ta sauka a mayar mata da iska nan take, a kira shi. Ranta ke nan aka damƙa wa na'urar. Mijinta ya ga ta farfaɗo, ya hau babur ya koma ƙauye saboda raɗin suna da sassafe.

Da na karɓi aiki da safe, wadda na canza ta gaya mini na'urar gadon Adama ta hana kowa sakat, ga lalle har farce, an rage mata murya. Ban san wanda ya rage ba, ban kuma tambaya ba, domin kowannenmu ya taɓa yi. Na je na gaishe ta da jiki. Ta ce da sauƙi. Kin san matanmu, balle 'yar Fulani a gaban goggonta, ko wuta take ci za ta ce da sauƙi.

Na kama hannunta, na ji jijiya tana gudu fiye da yadda raina ya so. Na duba farce ko zan ga ya sauya launi, lalle ya rufe shi. Na duba na ƙafa, haka. Na aika a kira likita, aka ce yana ɗakin tiyata, zai fito. Na ce bari in karɓo mata allurarta ta safe kafin nan, na nufi kwamfuta.

Sabis ya tsaya. Abin nan mai zagayawa ya yi ta zagayawa a fuskar kwamfuta, ni kuma ina kallonsa kamar mai jiran tukunya ta tafasa. Ina cikin haka aka shigo da wata mata jini yana zuba, danginta suna salati. Na tashi na yi kanta, na nemi jijiya, na ɗaura ruwa, na tsayar da abin da zan iya tsayarwa. Duk wannan lokaci ɗakin shiru daga ɓangaren Adama.

Goggonta tana zaune a gefen gado. Ta ga lambobi suna canzawa, ta ga wata 'yar fitila ja tana ƙyaftawa, amma ba wanda ya taɓa gaya mata ma'anarsu. Ta ga 'yarta ta jingina kai da bango ta lumshe ido, ta ji daɗi, ta ce barcin da aka daɗe ba a samu ba ne ya zo. Har mayafi ta gyara mata, ta hana maƙwabtan gado hayaniya.

Da hantsi na juyo. Daga nesa na ga yadda kan Adama ya langaɓe. Na cire oksijin daga wajen tsohuwar da gudu, na danna wa Adama ƙirji har hannuwana suka mutu, likita ya fito da kayan tiyata a jikinsa ya karɓe ni. Rakiya, a wannan karon ba lalle ba ne. Na'urar gaskiya take faɗa tun da safe, mu ne muka toshe mata baki.

Ba mu gama lulluɓe ta ba mijin ya iso, ƙura har gira, da ledar dabino da alewar suna a hannu. Ya zo ne don ya gaya mata sunan 'yarta. Ya tsaya a bakin gado. Can ya faɗa wa goggon sunan a hankali, ita kuma ta ɗaga mayafin, ta sunkuya ta raɗa wa Adama a kunne.

Abin da ya fi ci mini rai, godiya suka yi mana. Goggon ta riƙe hannuna ta ce mun yi ƙoƙari, kwana ne ya ƙare. Mijin ya ajiye mini dabinon a kan tebur. Na yarda ajali ba ya jira, amma Allah bai ce mu rage murya ba. Ba wanda ya tuhume mu, ba wanda zai tuhume mu, kuma wannan ne yake hana ni barci.

Na yi rantsuwa a gaban Metiron cewa ba za a ƙara taɓa muryar na'ura ina ɗakin ba. Yanzu suna ta ihu daga safe har yamma, majinyata suna tsine mini, ni kuma ina gudu daga gado zuwa gado. Ban san iya kwanakin da ƙafafuna za su ɗauka ba.

Ƙawata, kin ce in faɗi tsarabar da nake so. Ki bar turaren, ki bar abayar. An ce a wajenku akwai irin maƙalen da ake sawa a fatar kunne. Mun nema a nan, an ce mu jira. Ki saya mini ko guda ne, ki ba duk wanda zai taho. Lokacin bukukuwa ya kusa, ɗakina zai cika da hannuwa masu ƙunshi, kuma ba mai sa wa kunne lalle.

Ina kewarki ƙwarai, Rakiya, ban taɓa jin rashinki kamar waccan safiyar ba.

Allah ya jiƙan Adama, ya sa ta huta. Allah ya raya abin da ta bari, ya haɗa ta da mai riƙo na gari. Mu kuma da aka ba amanar rayuka, Allah ya buɗe mana kunne, ya yafe mana, ya sa mu gama lafiya. Ke ma ya tsare ki a inda kike. Amin.

Taki har kullum,
Zulai